Kwamfutata tana yunƙurin tashi tana komawa: in sayi sabon fawafak?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon buga takardu da fotokwafi a Tudun Wada, Kaduna. Kwamfutar tebur da nake aiki da ita tokumbo ce, kuma ta fara ba ni wahala. In na danna maɓalli da safe sai fanka ta juya sau ɗaya ta tsaya, sai na danna sau biyar ko shida kafin ta kama. In ta kama kuma, wani lokaci ana tsakiyar aiki sai ta mutu ɗif. Wani ya ce min fawafak ne, in je in sayi sabo. In saya, ko akwai abin da zan duba tukuna?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah ya ba da kasuwa. Wanda ya ce maka fawafak ne, wato akwatin da ke ba kayan cikin kwamfuta wuta, bai yi nisa da gaskiya ba, ni ma da na karanta bayaninka can hankalina ya fara zuwa. Amma kada ka fitar da kuɗinka tukuna. Alamomi biyu ka kawo, ƙin tashi da safe da kuma mutuwa ana cikin aiki, kuma ba lallai ne a ce ciwo ɗaya ya haife su ba. Na sha ganin mutum ya sayo fawafak ya ɗaura, kwamfuta ta ci gaba da halinta, ga kuɗi sun tafi, mai shago kuma ba ya karɓar kayan wuta in an riga an jona su. Abin yana yi min ciwo, domin awon da zai hana wannan asara bai fi na rabin sa'a ba.

Kafin ka taɓa ko sukuru ɗaya, yau ɗin nan da zarar ta kama, ka kwashe aikin mutane ka zuba a filash ko had-disk na waje. Kai da kake kusa da Kaduna Poly, na san akwai furojet ɗin ɗalibai a cikinta. Kwamfutar da ke mutuwa ana tsakiyar rubutu tana iya lalata fayil, wata rana ma ta lalata Windows ɗin gaba ɗaya. Fawafak ana sayen wani, amma babi biyar na ɗalibin da ya ba ka amanar aikinsa ba a sayar da su a kasuwa.

To, bari in gaya maka abin da ke faruwa a ɗan lokacin nan tsakanin danna maɓalli da fitowar rubutu a monita, domin a nan amsar taka take. Wutar bango a ƙasar nan bolt 230 ce, mai kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Kayan cikin kwamfuta ba sa cin irinta, su ƙaramar wuta miƙaƙƙiya suke so: bolt 12, bolt 5 da bolt 3.3. Juya waccan zuwa waɗannan shi ne aikin fawafak, bisa wani tsari da ake kira ATX wanda kamfanin Intel ya fitar a 1995. Da zarar ka soka filogi a soket, ko ba ka danna komai ba, wani ɗan sashe a cikin fawafak yana farkawa ya riƙa ba da bolt 5 ta wata waya shunayya, wato fafal. Ka kira ta wutar jira, ita ce mai gadin da ba ya barci. Shi kuwa maɓallin gaba ba kamar makunnin ƙwan ɗaki yake ba, saƙo kawai yake kai wa madabod, wato babban allon da sauran kayan kwamfuta ke jone a jikinsa. Madabod ne zai haɗa koriyar waya da ƙasa, wato layin baƙaƙen wayoyi, sai fawafak ya saki sauran wutar. Daga nan fawafak ɗin ya dakata kaɗan, tsakanin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa zuwa rabin daƙiƙa, ya tabbatar wutar ta zauna daidai, sannan ya aika da shaida ta wata waya mai ruwan toka cewa lafiya lau. Sai da wannan shaidar furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, take fara aiki, BIOS, ɗan shirin da ke tayar da kwamfuta, ya bi RAM (ma'ajiyar aiki ta wucin gadi) da sauran kaya yana duba su, kafin a je neman Windows a had-disk.

Ka ga ke nan fankarka da ke juyawa sau ɗaya ta tsaya ta riga ta ba ka labari mai yawa. Wutar jira tana nan, maɓalli yana aiki, saƙo ya isa, fawafak ya yunƙura. Abin da ya rage a sani shi ne me ya sa ya janye. Hanya biyu ce. Ko dai ƙarfinsa ne ya gaza ya kasa ɗaga kayan, ko kuma lafiyarsa ƙalau amma ya tarar wani abu a ciki ya yi shot, wato wuta ta haɗu inda bai kamata ba, sai ya yanke wutar da kansa don kada wani abu ya ƙone. A ta farko fawafak ne mai laifi, a ta biyu kuwa aikinsa ya yi, kuma duk sabon da ka ɗaura haka zai yi.

Abin da ya sa na fi karkata ga ta farko shi ne kalmar "da safe" da ka faɗa, da kuma cewa sai ka danna sau da yawa take kamawa. Ka san kafasitar fankar silin, wadda in ta mutu sai an tura fankar da sanda. A cikin fawafak akwai ƙanana irinta da yawa, a tsaye kamar ƙananan batura, kuma a cikinsu akwai ruwan sinadari. Zafi da daɗewa suna busar da ruwan nan. Masu ƙera su suna da wani lissafi da suka daɗe suna aiki da shi: duk ƙarin zafi na digiri 10 yana raba tsawon ran kafasita biyu. Ka tuna kwamfutar nan ta riga ta yi shekaru tana aiki a wani ofis a ƙasar waje kafin a lodo ta, sannan ta zo ta sha zafin Maris da Afrilu na Kaduna a shagon da rufinsa kwano ne. Halin busasshiyar kafasita kuwa shi ne ta fi taurin kai in akwai sanyi, in ta ɗan yi ɗumi sai ta sassauto. Kowane danni da kake yi yana ɗan ɗumama ta ne, har a na shida ta yarda. Shi ya sa irin wannan ƙorafi yake yi mana yawa da hunturu, daga Disamba zuwa Janairu. Kuma ciwon gaba yake yi: sau shida zai koma sau ashirin, wata safiya ta ƙi ɗungurungum.

Kafasitocin kan madabod ma suna yin haka, su kuma ana ganinsu da ido. In ka buɗe murfin gefe, ka haska tocila kusa da furosesa. Kan kafasita mai lafiya a shafe yake sumul. In ka ga ya kumbura kamar fanke, ko wani abu mai ruwan ƙasa ya tsattsafo ya bushe a kansa, ta tafi. Akwai wani zamani, daga wajen 1999 zuwa 2007, da aka cika duniya da kafasitoci marasa inganci, Dell OptiPlex GX270 da GX280 sun yi suna a wannan matsala. In taka ta wancan zamanin ce, a nan za ka fara dubawa.

Duk da haka, bincike daga bango ake fara shi. Cire kwamfutar daga ekstenshan ka jona ta kai tsaye a soket, da wata wayar wuta daban, ta monita ma ta isa tunda bakinsu ɗaya ne a mafi yawa. Ekstenshan ɗin nan masu araha, ƙarfen cikinsu yana saki ya riƙa tartsatsi, za ka ga bakin ramin ya yi baƙi ko robar ta narke. Filogi mai ƙafa uku kuma yana da fis a cikinsa. Sannan ka san ƙarfin wutar da ke shigo maka. In kana da stabilaiza mai nuna lamba, duba abin da take karɓa, in babu ka sa mai wayarin ya auna maka, musamman da magariba lokacin da kowa ya kunna kayansa. Sai ka karanta takardar da ke manne a jikin fawafak. In an rubuta 100 zuwa 240, yana jure wuta mara ƙarfi sosai. In kuwa mai ɗan jan makunni ne a baya, an tsara shi ne ya yi aiki daga wajen bolt 180 zuwa 265, saboda haka ranar da wutar unguwa ta faɗo 160 yana iya ƙin tashi ko sabo ne fil.

Jan makunnin nan ina so ka kula da shi sosai, kai da duk mai sayen tokumbo. Gefe ɗaya an rubuta 115, ɗaya 230. Wutar gidajen Amurka wajen bolt 120 ce, don haka kwamfutocin da aka kwaso daga can a kan 115 suke zuwa. In aka jona ta a wutarmu ba a mayar da shi 230 ba, fawafak ɗin zai ninka wutar da ta shigo, kayan cikinsa su sha abin da ya fi ƙarfinsu. A gabana aka taɓa yi. Wani yaro ya sauke kwamfuta daga kwali, ko goge ta bai yi ba ya soka filogi, sai muka ji fau, farin hayaƙi ya fito ta fankar baya, shago ya gauraye da ƙauri. Ko daƙiƙa ɗaya ba a yi ba. Tun daga ranar, duk kwamfutar da ta shigo hannuna sai na juya bayanta kafin in nemi soket, in na daidaita makunnin kuma in manne shi da salatif, saboda yara suna son wasa da shi.

In bango ya fita daga zargi, sai ka rage wa kwamfutar kaya. Zare filogi, ka danne maɓalli na daƙiƙa goma sha biyar don sauran wutar ta tsiyaye. Cire firinta, sikana, filash, kibod, duk abin da ke rataye a jikinta. Buɗe murfi, ka dafa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa komai, musamman da hunturu da jiki ke tara wutar nan da ke ba mutum ɗan shokin in ya taɓa ƙofar mota. Zare wayoyin had-disk da na sidi, cire duk wani kati da aka ƙara, ka bar RAM guda ɗaya tak. Ka danna babban filogin madabod da ƙaramin nan mai ƙafa huɗu ko takwas na kusa da furosesa, ka ji sun zauna daram. Sai ka kunna. In ta tashi a danni ɗaya, ka riƙa mayar da kayan ɗaya bayan ɗaya, kana kashewa kafin kowane, har ka kai ga wanda zai dawo da ciwon. Sai dai ka yi wannan gwaji da sassafe, kwamfutar a sanyaye, in ba haka ba ɗumi zai ruɗe ka ka ɗauka ka gyara.

Akwai wuri ɗaya da nake so ka leƙa da tocila saboda irin sana'arka, wato ramukan USB na gaba. Wani mai shago irin naka daga Kawo ya taɓa kawo min kwamfuta bayan ya sayi fawafak har biyu. Da na haska ramin da ɗalibai ke soka filash yini guda, sai na ga ɗan harshen robar ciki ya karye, siraran ƙarafan nan huɗu sun lanƙwashe, ɗaya yana taɓa jikin ramin. Bolt 5 ce take zubewa ƙasa kai tsaye. Na zare wayar ramin daga madabod, kwamfuta ta tashi da tsohon fawafak ɗinta na asali. Da na nuna masa, ya daɗe yana kallon ramin bai ce komai ba, kuɗin da ya kashe kuwa na kayan shago ne.

RAM ma a cire shi a goge haƙoransa masu ruwan zinare da kilinar 'yan makaranta, a kakkaɓe, a mayar har a ji ƙas a gefe biyu. Amma shi RAM in ya ƙi, galibi fanka takan ci gaba da juyawa ne, monita baƙi ƙirin, kwamfutar tana kuka. Kukan nan da ƙiftawar fitilar maɓalli magana ce, ka ƙirga su. A tsofaffin HP Compaq na ofis, irin su 6000 da 8000 zuwa 8300, jar fitila in ta ƙifta sau huɗu wuta ce ta gaza, sau biyar RAM ne, sau biyu furosesa ce ta yi zafi. A Dell OptiPlex kuwa fitilar takan koma ruwan lemo, kuma a tsofaffin, mai ƙiftawa ta fi nuna matsalar wuta.

Yanzu sai awon fawafak ɗin kansa. In naka na gama-gari ne, mai babban filogi mai ƙafa 24 ko 20, ga yadda muke yi. Zare filogin bango, ka cire duk wayoyin fawafak daga madabod. Miƙe kilif ɗin takarda ka lanƙwasa shi kamar baka. A babban filogin koriyar waya ɗaya ce tak, soka baki ɗaya a raminta, ɗayan a ramin kowace baƙar waya. Jona masa tsohon had-disk ko fanka don ya sami ɗan abin ɗauka, sannan ka mayar da filogin bango. Abin da ka yi shi ne ka tsaya a madadin madabod ka ba shi umarnin tashi. In ko motsi bai yi ba, ko ya juya ya tsaya alhali babu komai a jikinsa, magana ta ƙare, shi ne.

In fanka ta juya kuwa, kada ka yi saurin wanke shi. A nan mutane da yawa suke kuskure, har da wasu masu gyara. Juya fanka ba wani aiki ba ne, fawafak mai rabin rai ma yana yi. Ɗauko mita, ƙaramar nan ta masu gyaran rediyo, ka sa ta a bolt 20 na wuta miƙaƙƙiya, wato DC. Baƙin tsinke a kan baƙar waya, jan tsinke kuma ka bi launuka. Rawaya bolt 12 ce, an yarda ta kasance tsakanin 11.4 da 12.6. Ja bolt 5 ce, tsakanin 4.75 da 5.25, shunayya ma haka. Mai ruwan lemo 3.3 ce, tsakanin 3.14 da 3.47. Ƙa'idar dai kashi 5 cikin ɗari ce sama ko ƙasa. Mai ruwan toka, wayar shaida, ya kamata ta hau kusa da 5 ta tsaya. Ka fi zura ido a kan shunayya da sassafe: in ka ga tana nuna 4 da 'yan kai, ko lambar tana rawa, ka kama ɓarawonka. Bayan nan ka mayar da komai, ka kunna kwamfutar, ka sake auna rawaya da ja ta wani filogin da ba a amfani da shi, tana cikin aiki. Wanda ya nuna 12 a zaune ya faɗo 11 da aka ɗora masa kaya, ya gaji.

Ita ma mita tana da iyaka. Wutar da busassun kafasitoci ke fitarwa tana da wata karkarwa mai saurin da mita ba ta gani, sai ta nuna maka lamba mai kyau alhali madabod yana shan wahala. Don haka gwajin da na fi amincewa da shi, wanda ba ya ƙarya, shi ne aron fawafak mai lafiya. Kowane mai gyara na ƙwarai yana da guda a ajiye don wannan. Ka roƙi a ɗaura maka na kwana biyu, ko ka bar kwamfutar ta kwana a wurinsa a kunna da safe a gabanka. In ta tashi a danni ɗaya safiya biyu a jere, je ka sayi naka da kwanciyar hankali.

Sai dai fa yawancin tokumbon da ke shagunan Kaduna Dell ne da HP na ofis, kuma da yawansu ba sa bin tsarin gama-gari. OptiPlex 3020, 7020 da 9020 filoginsu mai ƙafa takwas ne, wasu daga cikin waɗanda suka biyo bayansu mai shida, HP Elite 8000 zuwa 8300 ma nasu daban ne. Waɗannan galibi bolt 12 kawai suke bayarwa, madabod ne yake rarraba sauran, har had-disk daga jikinsa yake shan wuta. A irinsu kada ka soka kilif bisa kintace. Dell sun sauƙaƙa abin: a bayan fawafak akwai ɗan maɓalli da fitila, in ka danne shi fitila ta kawo koriya fanka ta juya, ya ci gwajin farko. In ta ƙi, ka zare wayoyinsa daga madabod ka sake dannawa. Ta kawo yanzu, matsalar tana cikin kayan, ta ƙi har yanzu, fawafak ne. Waɗanda ba su da maɓallin, fitilar takan kama na kamar daƙiƙa uku da zarar an soka waya.

Mu koma ga mutuwa ana cikin aiki, wadda nake zargin tana da nata dalilin. Ka lura da lokacin da take yi. Shin daidai lokacin da aka danna injin fotokwafi ne, ko firinta ta fara ja? Injin fotokwafi da firintar leza suna da wani abin ɗumama hoda a ciki da kan fizgi wat dubu ko fiye a lokaci guda. In suna layi ɗaya da kwamfuta, balle a kan ƙaramin janaretan nan mai cin fetur haɗe da baƙin mai, wanda duka ƙarfinsa bai kai wat dubu ba, wuta takan nutse na ɗan lokaci, za ka ma ji muryar janaretan ta canza, ƙwai ya dushe. Fawafak mai lafiya an tsara shi ya riƙe kwamfuta na kamar kashi 16 cikin dubu na daƙiƙa in wuta ta yanke, tsoho kuwa ko hakan ba ya iyawa. Ka ga inda alamominka biyu za su iya haɗuwa: gajiyayyen fawafak, a kan wutar da ke nutsewa. In ka canza shi ka bar wutar yadda take, tsugune ba ta ƙare ba.

In kuwa ba ruwanta da fotokwafi, sai ta yi rabin sa'a ko sa'a guda fanka tana gurnani kamar za ta tashi sama sannan ta mutu, kuma ta fi yi da rana tsaka, to zafi ne. Furosesa tana rage gudu in ta doshi digiri 100, in abin ya ci tura ta yanke wuta. Ɗaga fankar furosesa ka gani. Ƙurar hunturu da garin takarda sukan taru a tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya su zama kamar bargo, har ana ɓare shi da yatsa. A fitar da kwamfutar waje a busa ta da bulowa, a riƙe fanka da yatsa kada iska ta juya ta fiye da kima, a goge tsohon man furosesa da ya bushe a sa sabo ɗan kaɗan, kamar ƙwayar dawa. Fankar fawafak ma ka tabbatar tana juyawa, domin in ta tsaya shi ma yana yanke wuta saboda zafi.

Akwai matsalolin da ake ɗora wa fawafak alhali ba ruwansa, zan ambace su a gurguje don kada wani ya ruɗe ka. In kwamfuta ta kawo rubutu ta ce a danna F1, kwanan wata ya koma baya, batirin madabod ne, CR2032 mai bolt 3, mai kama da kwabo. In ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, had-disk ne ko wayarsa, ko kuma saitin BIOS ya sauya bayan mutuwar batirin. In komai yana juyawa monita kawai ce ba ta kawo ba, a gwada wata wayar da wata monitar, a kuma duba ko an soka wayar a ramin madabod alhali akwai katin hoto.

Abu ɗaya nake roƙonka da shi don Allah: kada ka kwance akwatin fawafak ɗin kansa. Manyan kafasitocin ciki suna riƙe bolt 300 zuwa 400, kuma suna iya riƙe ta bayan an zare filogi. Wannan ba shokin wasa ba ne. Ana gyara fawafak, ana canza kafasitoci ya dawo aiki, amma aikin wanda ya san yadda ake sauke wutar ne. Kuma in an ce maka fis ne kawai ya ƙone za a ɗaure shi da waya, ka karɓi kayanka. Fis ba ya ƙonewa haka kawai, wani abu ne ya mutu a bayansa, ɗaure shi gyaran gangar Abzinawa ne da kan ƙare da gobara.

In awo ya tabbatar sai an saya, ka ɗauki tsohon a hannu ka tafi da shi, ko shagunan kwamfuta na Ahmadu Bello Way ko duk inda ka saba. Ga Dell da HP, lambar da ke jikin takardarsa za a bi, a samo irinsa sak, na asali da aka ciro daga wata kwamfutar ya fi min sabon da ba a san mai shi ba. Ga na gama-gari, kada babbar lambar kwali ta ja ka. Duba layin bolt 12 ka ninka da amfiyarsa: in an rubuta 18, wat 216 ke nan a layin da ya fi kowanne ɗaukar kaya, ko da an buga 500 ɓaro-ɓaro a gaba. Ka ɗaga shi ka ji nauyi, wanda ya yi sakayau kamar gwangwanin madara an rage masa kayan kariya, kuma irinsa in zai mutu yakan tafi da madabod da had-disk. Araha ba ta ado. Kwamfutar ofis ba ta buƙatar abin da ya wuce wat 300 na gaskiya. Sunaye irin su Seasonic, FSP, Delta, Corsair da Cooler Master sanannu ne, tambarin 80 Plus kuma yana nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ya ja tana isa ga kwamfuta, ba ta tafi a zafi ba. A jona a gabanka, kuma ku yi magana a kan kwanakin gwaji kafin ka biya.

Shi sabon kuma sai ka gyara masa wurin zama. Raba layin fotokwafi da na kwamfuta. Sa wa kwamfuta da monita UPS, wato akwatin batirin da ke riƙe su in wuta ta yanke, su kaɗai, kada firintar leza ta kusance shi, kuma ka sani batirin cikinsa mai bolt 12 yakan gaji a shekara biyu zuwa uku, a nan ma wani lokaci bai kai ba. In wutar layinku mai faɗuwa ce, stabilaiza ta shiga gaban UPS ɗin. Kada a tayar da janareta ko a kashe shi kwamfuta tana jone, in an kawo wuta kuma a ba ta 'yan mintoci ta zauna. Da damina in hadari ya haɗo ana walƙiya, a zare filogi gaba ɗaya, da wayar intanet in akwai, tunda ka ji dai wutar jira ba ta barci ko kwamfuta a kashe take. In kuma jikin akwatin yana ɗan jan hannu, shagon ba shi da wayar ƙasa, ko an karya ƙafar filogi ta uku, mai wayarin ya zo ya kafa maka.

Gobe da safe, kafin ka danna komai, ka auna shunayyar wayar in taka mai ƙafa 24 ce, ko ka gwada maɓallin baya in Dell ce. Sai ka sanar da ni samfurin kwamfutar, abin da aka rubuta a takardar fawafak, lambobin da mita ta ba ka, launin fitilar maɓalli da sau nawa take ƙiftawa, da kuma ko mutuwar tana zuwa tare da fotokwafi. Da waɗannan zan iya gaya maka wanda za ka nema a kasuwa.